Amsa kan lissafin katin da kake jira a poker

Ɗan uwa na Garwa, ka ce kana da kati 2 masu alamar zuciya a hannu, an buɗe 3 a tebur biyu daga ciki zuciya ne, kana so ka san damar samun zuciya ta biyar. To ga yadda ake yi.

Karta guda 52 ce, kowace alama 13. Ka ga 5, saura 47 da ba ka gani ba, kuma kar ka ce za ka cire na hannun abokan wasa, tunda ba ka gansu ba suna cikin 47 ɗin nan, nan ne mutane ke rikicewa wallahi. Zuciya 4 sun fito, saura 9. Kati na gaba kenan 9 cikin 47, wajen kashi 19 cikin 100. In za ka ga duka kati biyun da suka rage a buɗe a tebur, ya kai kusan kashi 35.

Dabarar da ake yi a ka ba sai ka ciro waya ba: ninka 9 ɗin sau 2 in kati ɗaya ne, sau 4 in biyu ne, 18 da 36, ya yi kusa ai.

Ni dai na fi son a faɗe shi 38 da 9, kati 38 da ba zuciya ba da 9 na zuciya, wato faɗuwa huɗu da ɗan ɗori cin ɗaya, don ya fi sauƙin gwadawa da kuɗi. In sefa 3000 ne a tsakiya aka ce ka sa 1000 don kati ɗaya, uku da ɗaya kenan, bai kai huɗu da ɗan ɗori ba, lissafi bai ba ka ba, ajiye kawai. In 6000 ne kuwa ya biya.