Kulorait da bilic ba abu ɗaya ba ne

Sani, tambayarka ita ce: tunda farin garin da muke mayar da akoko fari da shi sunansa kulorait, jarkar bilic ta kasuwar Kejetia da ke nan Kumasi kuma an rubuta mata haifokulorait, me zai hana mu sayi mai araha mu huta? To, saurara.

Dangi ɗaya ne, amma hali ya bambanta, kuma yawan oksijin da ke manne da kulorin ne ya raba su. Idan babu ko ɗaya, kulorayid ke nan, na gishirin miya. Idan ɗaya ne, haifokulorait, wato bilic ɗin da kake magana. Biyu, shi ne namu. Uku kuloret ne, wanda ake sawa a kan ashana. Mai huɗu har a man roka ake amfani da shi. Shi kulorait yana ɗauke da cajin lantarki, ba ya zama shi kaɗai a buhu, sai an aura masa sodiyam. Abin da ya sa ka ga NaClO2 a jikin duro ke nan. Kashi 80 da aka rubuta a ƙasa shi ne ainihin maganin, sauran yawanci gishiri ne da aka bari don a rage masa zafin kai.

Bilic ba shi da haƙuri. Da ka tsoma yadi ya fara ci, kuma bai san datti ba, bai san zare ba. Ka ɗan yi sakaci, yadin ya fito fari tas, amma ka ja shi da hannu biyu ka ji ƙyat, ya yage. Mai ɗinki ba zai gani a ranar ba, sai riga ta sha wanki ta ɓarke a kafaɗa, sannan a zo ana neman wanda ya yi aikin.

Kulorait kuwa, ka narka shi a ruwa, kusan barci yake yi. Sai ka zuba asid kaɗan-kaɗan, takardar awon tsami ta nuna wajen 4, ruwan ya yi zafi ya kai digiri 80 ko fiye, sannan ya farka ya fara sakin iskar da ake kira kulorin dayoksaid. Ita ke aikin. Tana cinye rawayar auduga da ɗigo-ɗigon ɓawon gurya da kake gani a akoko, ta bar zaren da ƙarfinsa. Wannan muke biya da tsada, kuma a ganina kuɗin bai tafi a banza ba, musamman ga yadin da za a yi wa rini mai haske.

Sai dai inda amfaninsa yake nan haɗarinsa yake. Iskar nan ruwan ɗorawa ce mai ɗan kore, tana shaƙe maƙogwaro, tana sa ido hawaye, kuma idan ta taru ta wuce kashi 10 cikin 100 a wuri rufaffe tana iya fashewa. Shi ya sa tukunyarmu take waje ƙarƙashin rumfa, shi ya sa kuma ba a taɓa zuba asid a kan busasshen gari. Ruwa da yawa tukuna, a narka garin, asid a ƙarshe. Ƙarfe ma iskar nan ba ta bar shi ba, har wanda ake cewa ba ya tsatsa tana huda shi a hankali.

Abin da ya fi damuna da ku yara shi ne ludayi. Na haidoros, wato garin da ake haɗa ruwan rini da shi, daban, na kulorait daban, kada su taɓa haɗuwa, domin kulorait mai ba da oksijin ne, haidoros mai ƙwace shi, haɗuwarsu wuta ce. Haka idan ruwan kulorait ya zube maka a wando. Yana jiƙe ba ka ganin komai, amma ya bushe a jikin auduga, balle da hunturu, ɗan gogayya ko tartsatsi ya isa ya kama. Cire shi nan take ka jiƙa a bokiti. Wanda ya zube a ƙasa kuma ruwa za ka kwarara masa, ban da garin katako, ban da tsumma.

Za ka ji ana cewa ai da kulorait ake tace ruwan sha. Gaskiya ne, tun 1944 aka fara a garin Niagara Falls na Amurka, amma da awo na injiniyoyi, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce ragowar kulorait kada ta wuce miligiram 0.7 a lita. Masu tallarsa a waya suna cewa a ɗiga lemon tsami a sha, wai maganin zazzaɓin cizon sauro ne, guba suke sayarwa. Yana fasa jajayen ƙwayoyin jini, yana taɓa ƙoda. Duk wanda ya zo nan Aboabo ya ce ka ɗibar masa a leda, ko ɗan uwanka ne, ka turo shi wurina.

Gobe kafin a hura wuta, ka ɗauke duron daga kan katakon nan ka ajiye shi a siminti, can nesa da jarkokin asid, ka rufe murfin da kyau.