Tambaya da Amsa: Yaya ake gwada manhajar jagoran baƙi kafin a sake ta?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni da abokina mun haɗa manhajar Android da ke yi wa baƙi jagora a birnin Kano. Akwai wuraren tarihi, kasuwanni, masauki, wuraren cin abinci da taswira. Mun ba 'yan uwa da abokai kusan ashirin, kowa ya ce ta yi kyau. Amma wani malaminmu ya ce wannan ba gwaji ba ne, sai mun yi gwajin sauƙin amfani. Yaya ake yin sa, da mutum nawa, kuma me ake aunawa? Ba mu da kuɗi sosai. Daga wani mai karatu a Kano.

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Malaminku ya yi gaskiya. Abin da kuka tattara ra'ayi ne, kuma ra'ayin ɗan uwa a kan abin da ka sha wahala ka yi, kunya ce rabinsa. Gwajin sauƙin amfani ba ya tambayar mutum ko abu ya burge shi. Aiki ake ba shi, a miƙa masa waya, a yi shiru a ga inda yatsansa zai tsaya. Gani ya kori ji.

Akwai kuma matsala ta biyu da ta shafi irin manhajarku. Abokanku 'yan Kano ne. Wanda ya tashi a Jakara ko Mandawari ba ya buƙatar taswira kafin ya isa Kasuwar Kurmi, don haka ko taswirarku ta karkace ba zai lura ba, ƙafarsa za ta gyara muku kuskuren ba tare da ya sani ba. Baƙo kuke nema. Ku duba ɗaliban da suka zo Jami'ar Bayero (BUK) daga wasu jihohi a shekararsu ta farko, da masu yi wa ƙasa hidima da aka turo, da fatake daga Maraɗi ko Damagaram da ba su san ko'ina ba sai Kantin Kwari da masaukinsu. Ku sa mata a ciki, kuma a samu mace ta jagoranci zamansu. Ku sa aƙalla mutum ɗaya da ya haura shekara 50, wanda ya ƙara girman rubutu a wayarsa, domin a irin wayarsa ne za ku ga rubutu ya hau kan maballi ya rufe shi.

Game da adadi, biyar sun isa a zagaye ɗaya. Wannan lissafi ya fito ne daga binciken Jakob Nielsen da Thomas Landauer na 1993, wanda Nielsen ya yaɗa a shekarar 2000: idan kowane mutum yana cin karo da kusan kashi 31 cikin 100 na matsalolin da ke akwai, mutum biyar za su tono kusan kashi 85. Sai dai mutane suna mance sharaɗinsa. Matsalar da ke samun mutum ɗaya cikin goma, damar ganinta a cikin mutum biyar ba ta wuce kashi 41 ba. Kuma biyar ɗin na rukuni guda ne. In manhajarku tana da Hausa da Turanci, rukuni biyu ke nan, a ɗauki uku ko huɗu a kowanne. Gara zagaye uku da mutum biyar-biyar, ana gyara tsakani, da zama ɗaya da mutum goma sha biyar.

Rubuta ayyukan shi ne inda aka fi yin kuskure. In ka ce wa mutum "shiga Wuraren Tarihi ka buɗe Ƙofar Mata", ka riga ka ba shi amsa, karatu kawai ka gwada. Labari za ka ba shi, ba tare da kalmomin da ke kan maballanku ba. Misali: "Ka iso Kano da la'asar, kana da awa biyu kafin magariba. An ce maka akwai wurin da ake rina tufafi da baba tun zamanin da. Kana so ka je ka gani. Nuna min yadda za ka yi." Wani kuma: "Gobe Juma'a ce, kana so ka shiga Gidan Makama. Ƙarfe nawa ya kamata ka je, kuma nawa za ka riƙe?" Wani: "Datarka za ta ƙare yau da dare. Shirya wayarka yadda gobe za ta kai ka Dutsen Dala ko babu intanet." Ayyuka biyar zuwa bakwai sun isa, a zaman minti 45 zuwa awa ɗaya. Fara da mai sauƙi don hankalinsa ya kwanta. Kafin a soma, ku rubuta wa kowane aiki abin da za ku kira nasara, in ba haka ba bayan an gama za ku riƙa yi wa kanku sassauci. Ku kuma gwada takardar ayyukan da mutum ɗaya tukuna, don ku cire tambayar da ba a fahimta.

Mutum biyu ke gudanar da zama: mai magana da mai rubutu. An fi so mai maganar ya zama wani ne daban, wanda zai iya faɗa da gaskiya cewa ba shi ya haɗa manhajar ba, saboda da zarar mutum ya gane kai ne mai ita, sai yabo. A gaya masa tun farko: "Ba kai muke gwadawa ba, manhajar muke gwadawa. In ka rikice, laifinta ne." A roƙe shi ya riƙa faɗin abin da ke ransa yana aiki. In ya yi shiru, a ce "Me kake nema yanzu?" In ya ce "Nan zan danna?", a mayar masa: "Me kake tsammanin zai faru in ka danna?" Abu mafi wuya shi ne riƙe hannu. Za ku ga mutum yana zagaye maballin da ke gabansa ƙiri-ƙiri har minti biyu, ranku yana tafasa. Ku bar shi. Sai ya ce ya haƙura, ko ya cinye lokacin da kuka ware, misali minti biyar, sannan a rubuta bai iya ba a wuce. In za ku naɗi fuskar wayar da muryarsa, ku nemi izininsa a rubuce ko a cikin naɗin, ku faɗa masa wa zai gani da ranar da za a goge. Dokar kare bayanan jama'a ta Najeriya ta 2023 ta shafi irin wannan. Daga Android 11 zuwa sama akwai manaɗin fuskar waya a cikin wayar, ba sai kun sauke komai ba.

A wayar mutumin za a yi gwajin, ba a taku ba, kuma shi zai sauke manhajar da kansa kuna kallo. Nan take za ku ga abubuwa. Tecno ko itel mai ƙaramar ma'ajiya wadda hotunan biki suka cika za ta ce babu wuri. Za ku ga fuskarsa in ya ga nauyin abin da zai sauke. Hoto 100 masu megabait 2 kowanne megabait 200 ne; in aka matse su zuwa kilobait 150, sun koma megabait 15, kuma a fuskar waya ba za a ga bambanci ba. Ku lura da abin da yake yi in manhaja ta nemi izinin sanin inda yake. Da yawa suna danna "a'a" ba tare da karantawa ba, kuma tun Android 12 mutum na iya ba da izinin kusan-wuri maimakon ainihin wuri. In ya yi haka, me manhajarku ke nunawa? In farin allo ne ko da'ira mai juyawa har abada, kun samu babbar matsala tun kafin aikin farko.

Wurin bincike ma yana buƙatar kallo na musamman. Kun rubuta Ƙofar Mata da ƙ mai lanƙwasa, baƙo zai rubuta "kofar mata" da k, domin madannan yawancin wayoyi ba su da ƙ, ɗ da ɓ a fili. In binciken bai ɗauke su a matsayin abu ɗaya ba, zai ce babu. Wani zai rubuta "rini", wani "marina", wani "karofi", wani ya rubuta da Turanci. Mai rubutu ya kwafe duk abin da aka buga harafi da harafi, har da kurakuran, domin wannan jerin shi za ku ɗora wa kowane wuri a matsayin sunayensa na daban.

Duk wannan a ɗaki ne, kuma rabin aikin ne kawai. Manhajar tafiya a titi ake amfani da ita, a tsaye, da hannu ɗaya, ɗayan hannun riƙe da leda. Ku ɗauki mutum uku daga cikinsu ku fita da rana, ku ba su tafiyar ƙafa ta gaske, kamar daga Gidan Makama zuwa wata ƙofa ta Kurmi, kuna biye da su a baya taku biyar, ba ku cewa komai.

Abu na farko da zai bayyana shi ne hasken rana. Rubutu mai ruwan toka a kan fari, wanda ya yi kyau a kwamfutarku, ɓacewa yake da azahar. Ƙa'idar WCAG, wato ƙa'idar duniya ta sauƙaƙa wa kowa amfani da shafukan intanet, ta ce bambancin haske tsakanin rubutu da bayansa ya kai 4.5 bisa 1 ga ƙananan haruffa, kuma ga manhajar titi wannan ƙarshen ƙasa ne, ku wuce shi. A watan Afrilu, da zafi ya haura digiri 40, wayar da ke kunna GPS, wato na'urar gano inda mutum yake, da cikakken haske tana ɗaukar zafi, wasu su rage hasken da kansu, sai karatu ya ƙara wuya. Ku rubuta cajin batir a farkon tafiya da ƙarshenta. Maballi kuma kada ya gaza 48dp (dp ma'aunin girman abu ne a fuskar waya) a kowane gefe kamar yadda Google ya tsara wa Android, domin mai tafiya yana kauce wa a-daidaita-sahu ba zai iya saita yatsa a kan ƙaramin abu ba.

Na biyu shi ne ɗigon da ke nuna inda mutum yake. A buɗaɗɗen wuri, GPS na waya yana kuskure da kamar mita 5. A lungunan cikin birni, tsakanin dogayen katangu ko ƙarƙashin rumfunan kwano na kasuwa, ɗigon na iya tsallakawa lungu na gaba, manhajar ta ce a juya inda babu hanya. Wayoyi masu araha da yawa ba su da na'urar gane alƙibla, don haka kibiyar ba ta san inda mutum ya fuskanta ba sai ya yi tafiya. Alamar wannan ita ce ka ga mutum ya tsaya cik yana juya wayar, ko ya yi taku ashirin ya dawo. Ku ƙirga sau nawa ya yi haka. Maganinsa ba a taswira yake ba, a rubutu yake: "bi ta gefen masallaci, ka bar shi a hannun dama", tare da hoton ƙofar da zai shiga kamar yadda take a yau, da masu talla a gabanta, ba hoton da aka ɗauka daga sama ba. Ku kashe data a tsakiyar tafiya ku ga abin da ya rage. GPS yana aiki ba intanet, amma in an kunna shi bayan ya daɗe a kashe kuma ba data, samun wuri na iya ɗaukar mintoci, kuma dole manhajar ta faɗa wa mutum cewa nema take.

Akwai abin da ba za ku gani a littattafan Turawa ba. Saboda tsoron ƙwacen waya, baƙo mai hankali ba ya son tafiya da waya a hannu. Zai ciro ta, ya duba daƙiƙa uku, ya mayar aljihu. Ku lura ko a wannan leƙen yana samun abin da yake buƙata, ko sai ya buɗe shafi biyu. In ya tsaya ya tambayi mai shago hanya, kada ku hana shi, ku rubuta daidai wurin da abin da ya tambaya. Tambayar ita ce jimlar da ta ɓace a manhajarku. Don lafiyar kowa, a fita da rana, kada a kai yamma.

Abin aunawa kaɗan ne: ya kammala, ya kammala da taimako, ko bai iya ba, lokacin da ya ɗauka, da yawan ɓatan hanya. Bayan kowane aiki a tambaye shi sauƙinsa daga 1 zuwa 7. A ƙarshe kuna iya ba da tambayoyi goma na SUS, wato ma'aunin sauƙin amfani, waɗanda John Brooke ya tsara a 1986. Ana amsa kowacce daga 1 zuwa 5. A ta 1, 3, 5, 7 da 9 a cire 1 daga amsar, a sauran a cire amsar daga 5, a haɗa a ninka da 2.5. Matsakaicin maki a duniya kusan 68 ne cikin 100. Ni dai ba na ba shi nauyi da mutum biyar, balle a wurinmu da mutum zai kasa aiki uku sannan ya ba ka maki mai kyau don kada ka ji ba daɗi. In baki da hannu suka saɓa, hannu za ku bi.

A ranar da aka gama, tun abin yana sabo, ku zauna ku jera matsalolin, kowacce da yawan waɗanda ta sama da girman ɓarnarta: ta hana kammalawa, ta jinkirta, ko ta ɓata rai kawai. Wadda ta hana mutum ɗaya isa inda za shi ta fi wadda ta sa mutum huɗu tsaki. Ku ware kuskuren bayani daban, domin ba a gyara shi da canza maballi. In manhaja ta ce wuri a buɗe yake alhali an tafi masallacin Juma'a, ko ta ba da kuɗin shiga na bara, sai wani ya taka ya tabbatar, a kuma rubuta ranar tabbatarwar a ƙarƙashin bayanin. Ku gyara manyan uku ko huɗu kawai, ku kira sababbin mutum biyar bayan mako biyu, kada ku maimaita na farko don sun riga sun koyi hanya. Kowa a ba shi kuɗin mota da ɗan katin data, a hannu, kafin a fara zama, don kada ya ɗauka sai ya yabi manhajar za a biya shi.