Hukuncin zaman uba da ɗansa matashi a gaban masanin halayya don gyara tsakaninsu

Tambaya

Assalamu alaikum, Malam. Ni mazaunin Rikkos ne a Jos. Ɗana na fari shekararsa 16, yana aji biyu na babbar sakandare. Kusan shekara guda ke nan maganarmu ba ta wuce gaisuwa. In na shigo falo sai ya miƙe, in na tambaye shi abu sai ya sunkuyar da kai ya ce ba komai. Ranar da na gano ya yi wata guda ba ya zuwa Islamiyya na kwaɗa masa mari a gaban ƙannensa, tun daga nan abin ya ƙara lalacewa. Karatunsa ya ja baya, yana raba dare da waya. Malamar da ke ba ɗalibai shawara a makarantarsu ta ce mu je wurin masanin halayyar ɗan Adam, a zauna da ni da shi da mahaifiyarsa. Yayana ya ce wannan tonon asirin gida ne, kuma yaro ya faɗi laifin ubansa a gaban bare saɓa wa iyaye ne, ruƙiyya kawai za a yi masa. Wanda aka nuna mana kuma ba Musulmi ba ne. Mene ne hukunci?

Amsa

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Allah ya shirya mana zuriya baki ɗaya.

Zuwanku ya halatta, kuma a yadda ka bayyana lamarin abin so ne a shari'a. Akwai ma yanayin da yake zama wajibi, zan zo kansa. Asalin hukuncin yana tsaye ne a kan abu biyu: neman magani da sulhu. Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce Allah bai saukar da wata cuta ba face ya saukar da maganinta, kamar yadda Bukhari ya ruwaito daga Abu Huraira. A Suratun Nisa'i aya ta 114 kuma Allah ya ce babu alheri a mafi yawan ganawar sirri, sai wadda ta yi umarni da sadaka ko kyakkyawan aiki ko gyara tsakanin mutane. Zaman da za ku yi ganawar sirri ce don gyara tsakanin uba da ɗa, to ta shiga cikin abin da ayar ta keɓe.

Maganar yayanka ba ta banza ba ce, domin rufin asiri abu ne da addini ya kwaɗaitar a kai. Sai dai malamai sun bambanta mai yayata aibin gidansa a majalisa da mai kai kukansa inda za a share masa hawaye. Hindatu 'yar Utba ta zo wurin Annabi ta ce mijinta Abu Sufyan marowaci ne, ba ya ba ta abin da zai ishe ta da ɗanta. Bai ce ta yi giba ba, hukunci ya ba ta. Bukhari da Muslim duk sun ruwaito shi, kuma yana cikin hujjojin da Imam Nawawi ya kawo a Riyadus Salihin inda ya lissafa wurare shida da ambaton aibin mutum a bayansa ya halatta, ciki har da kai ƙarar zalunci, da neman fatawa, da neman taimako wajen kawar da abin ƙi. Sharaɗin dai a tsaya gwargwadon buƙata. Abin da ya shafi tsakaninka da yaron za a faɗa. Sirrin shimfiɗa, da laifin dangin da ba su da hannu a lamarin, ba su da wurin zama a ɗakin.

Batun saɓa wa iyaye kuma, abin da Suratul Isra'i aya ta 23 ta hana shi ne tsaki da tsawa da wulaƙanci. Yaro ya ce, cikin ladabi, "Baba, marin da aka yi min a gaban ƙannena ya yi min ciwo," wannan bai shiga cikin hanin ba, balle ga shi kai ne ka kawo shi ka ba shi izinin magana. Dubi Annabi Ibrahim a Suratus Saffat aya ta 102. Umarni ne daga Allah, duk da haka ya ce wa ɗansa: ya ƙaramin ɗana, na gani a mafarki ina yanka ka, duba me ka gani. Ya nemi jin ta bakinsa. Annabi Yusuf ma da ya yi mafarki mahaifinsa ya nufa da shi, don ya san za a saurare shi.

Akwai wani abu a tambayarka da ban so ya wuce: ka ce ɗan fari ne. A al'adarmu ɗan fari ɗan kunya ne, wani uban ko sunansa ba ya kira, ba ya wasa da shi, ba ya yabonsa a gaban mutane. A da kakanni da baffanni da gwaggwanni suna cikin gida ɗaya, su ke cike wannan gurbin, yaro yana da inda zai kai damuwarsa. Yau mutum yana haya ɗaki biyu da falo, kakanni suna can garinsu, alkunya tana nan amma masu cike gurbin babu. Sai yaro ya tashi bai san muryar ubansa ba sai a wurin faɗa. Alkunya al'ada ce, ba hukuncin addini ba. Aƙra'u ɗan Habis ya ga Annabi yana sumbatar jikansa Hasan, ya ce shi yana da 'ya'ya goma bai taɓa sumbatar ko ɗaya ba, Annabi ya ce wanda ba ya jin ƙai ba za a ji ƙansa ba.

Marin kuwa kuskure ne, domin an hana dukan fuska a hadisi ingantacce, kuma a gaban ƙanne ya haɗa da tozarci. Ka nemi gafarar Allah, ka kuma faɗa wa yaron kai tsaye cewa ka yi kuskure, ba tare da ka biyo da "amma ai kai ma" ba. Batun barin Islamiyya yana nan, za a yi shi a wani zaman daban. Ka kuma kiyayi yi masa baki, kai da mahaifiyarsa, don Muslim ya ruwaito hani a kan yi wa 'ya'ya mummunar addu'a, kada a dace da lokacin amsawa.

Kasancewar masanin ba Musulmi ba bai hana ba. Annabi ya ɗauki Abdullahi ɗan Uraiƙiɗ ya nuna masa hanya a hijira, yana kan addinin mutanensa a lokacin, saboda ya san hanya kuma amintacce ne. In an samu Musulmi mai ƙwarewa daidai da tasa, shi ya fi, don zai fahimci matsayin salla da iyaye ba sai an yi masa dogon bayani ba. Amma ƙwararren da ba Musulmi ba ya fi Musulmin da bai san aikin ba. Ka tambaye shi inda ya yi karatu, da asibitin ko cibiyar da yake aiki a ƙarƙashinta, da ko ya saba aiki da matasa tare da iyayensu. Ka gaya masa tun zaman farko cewa salla da iyakokin addini ba abin ciniki ba ne a gidanka. Mai sanin aikinsa zai mutunta wannan, in kuwa ya ba da shawarar da ta saɓa wa shari'a sai a bar ta, in ya nace a canza shi. A kiyaye kaɗaita: mahaifiyar yaron ba za ta zauna ita kaɗai da namiji a rufaffen ɗaki ba, yaron ma, tunda a shekarunsa galibi ya balaga, namiji ya fi dacewa ya gana da shi. In mace ce kaɗai ake da ita, a yi a ofishin da ake iya shigowa ko ake hango ciki. A nan Jos akwai sashen kula da lafiyar ƙwaƙwalwa a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Jos, inda ake samun likitocin ƙwaƙwalwa da masana halayya. Bambancinsu shi ne likita yana rubuta magani, masanin halayya kuma da zama da tattaunawa yake aiki.

Ga yadda aikin ke tafiya galibi, don kada ka je da zaton kotu ce. Zama ɗaya yakan ɗauki minti 45 zuwa awa ɗaya, sau ɗaya a mako ko a mako biyu, kuma sau da yawa ana buƙatar zama 8 zuwa 16. Farko za a ji tarihin lamarin daga kowa. Sannan masanin zai gana da yaron shi kaɗai, ya gana da ku iyaye ku kaɗai, yana shirya kowane ɓangare, kafin ya haɗa ku a yi maganar da ta yi shekara tana cin rai. Ba zai kwashe duk abin da yaron ya faɗa ya kawo maka ba, kuma kada ka nema. Wanda ake neman shawararsa abin amincewa ne, in ji hadisin Abu Dawud da Tirmizi. Abin da ba zai ɓoye maka ba shi ne wanda ya shafi rai: in yaron na shirin cutar da kansa ko wani, ko wani na cutar da shi.

Inda iyaye suka fi ɓata aikin sananne ne. Na farko uba ya biya kuɗi ya tura uwa da yaro, shi yana kasuwa, alhali tsagewar bangon tsakaninsa da yaron take. Wani kuma ana fitowa, tun kafin a shiga mota ko keke, sai ya fara "me ka gaya masa?" Daga ranar yaron ya kulle bakinsa. Wani ya riƙe abin da aka faɗa a ɗakin sai ranar faɗa ya yi masa gori da shi. Wani ya ba 'yan'uwa labari har ƙanne su fara ce masa mahaukaci. Da yawa kuma suna daina zuwa bayan zama uku don yaro ya fara sakin fuska, bayan wata biyu a koma gidan jiya. Ka sani kuma a makonnin farko abin yana iya yin kamar ya ƙara zafi, saboda an fara taɓa miki.

Aikin gida ya fi na ofis yawa. Ka ware minti goma zuwa sha biyar kullum da shi, babu nasiha, babu tambayar sakamakon jarrabawa. Matashi ya fi sakin baki in kuna jere da juna maimakon ido cikin ido, don haka hanyar masallaci da asuba, ko ka ɗauke shi ya raka ka kasuwar Taminus ranar Asabar, sun fi kiran "zo nan ka zauna" amfani. In ya yi shiru ka bar shi, mako biyu na shiru ba faɗuwa ba ce. In ya fara magana kada ka katse shi, ka maimaita masa abin da ka fahimta: "Wato kana ganin ƙaninka na fi ji da shi?" Maimaitawa ba yarda ba ce, nuna masa ne cewa maganar ta iso. In kuwa zargin fifiko gaskiya ne, hadisin Nu'umanu ɗan Bashir ya isa: ku ji tsoron Allah ku yi adalci tsakanin 'ya'yanku. Saurayin da ya zo neman izinin zina ma, a ruwayar Imam Ahmad, sahabbai sun yi masa ca, Annabi ya ce ya matso kusa, ya zaunar da shi, ya yi ta yi masa tambayoyi har ya gane da kansa, sannan ya ɗora masa hannu ya yi masa addu'a.

Doka ba za ta tashi ba, amma a taƙaita ta zuwa uku ko huɗu, a yi ta tare da shi, a faɗi hukuncin karya ta tun kafin a karya. Misali ƙarfe goma na dare duk wayoyin gida a ajiye su a falo, har da taka. Matashi yana buƙatar barcin awa 8 zuwa 10, kuma rashin barci kaɗai yana kawo saurin fushi da dakushewar karatu. Bincika wayarsa a ɓoye kan zato kawai kada ka yi, Suratul Hujurat aya ta 12 ta hana bin diddigi, kuma ranar da ya gane duk abin da aka gina ya rushe. In akwai alama mai ƙarfi ta haɗari kana da hakkin dubawa a matsayinka na makiyayin gidanka, amma ka gaya masa za ka duba da dalilinka. In rai ya ɓaci ana cikin magana, a tashi na minti 20 zuwa 30, ka zauna in kana tsaye, ka nemi tsari daga shaiɗan, ka ce masa za a ci gaba bayan isha'i, kuma a ci gaba ɗin.

Yanayin da zuwa asibiti ke zama wajibi shi ne in ya fara maganar mutuwa ko cewa gara babu shi, ko ka ga yanka a hannunsa, ko ya yi mako biyu ko fiye a ƙuntace ba ci ba barci ba sha'awar abin da ya saba so, ko yana jin muryoyin da ba kowa ke ji ba, ko ka ga alamar tiramol ko kodin ko sholisho. Ciwon damuwa a matasa sau da yawa da fushi da ƙunci yake bayyana, shi ya sa ake ɗaukarsa rashin kunya. In maganar kashe kai ce, a ranar za a kai shi, kada a bar shi shi kaɗai, a kawar da fiya-fiya da maganin ɓera da tarin ƙwayoyin magani daga inda hannunsa zai kai. Tambayarsa kai tsaye ko yana tunanin hakan ba ta sa masa tunanin, hanya take buɗewa. Tsare rai yana cikin manyan manufofin shari'a, jin kunyar maƙwabta ba uzuri ba ne a nan.

Ruƙiyya kuma ku yi, ba ta karo da wannan. Ibn Hajar ya kawo haɗuwar malamai kan halaccinta da sharaɗi uku: ta kasance da maganar Allah ko sunayensa da siffofinsa, da lafazin da ake fahimta, kuma a ƙudurce cewa Allah ne mai warkarwa ba ita kanta ba. Mafi kyau kai da kanka ka yi masa, ka karanta Fatiha da Ƙulhuwallahu da Falaƙi da Nasi, ka tofa a hannu ka shafa masa, in ya yarda. Wurin da ake duka ko ɗaure mutum da mari ko turara masa hayaƙi da sunan fitar da aljani kada ka kai shi. Yayanka kuma ka gode masa, ka nuna masa wannan amsar, in yaron yana sakewa da shi ka roƙe shi ya riƙa jansa a jiki.

Allah ne mafi sani.