Ɗakin sanyi mai "ƙa'idar Amurka": gaskiya ne ko zaƙin baki?

Tambaya: Assalamu alaikum Injiniya. Ina harkar kifi a Yawuri, ina so in kafa ɗakin sanyi. Mai haɗawa ya ce nasa ya cika ƙa'idar Amurka, shi ya sa ya fi tsada. Akwai wata ƙa'ida da gaske?

Amsa: Wa'alaikumus salam Alhaji. Akwai ta. A 2007 Amurka ta kafa dokar makamashi da ta gindaya sharuɗɗa kan ɗakunan sanyi irin waɗanda ake shiga ciki, aka fara aiki da su ranar 1 ga Janairu, 2009. Yawancin sharuɗɗan kuwa a kan bango da ƙofa suke. Ana auna yadda bango ke tare zafi da wata lamba da ake kira R: ɗakin sanyaya kaya kada ya gaza 25, na daskarewa 32, daɓensa kuma 28. Dole ƙofa ta riƙa rufe kanta, a kuma ƙara mata labulen roba ko wata dabara da za ta rage shigar iska. Fankokin ciki da fitilu su ma sai masu ƙarancin cin wuta.

Dokar ba ta hau kanmu ba, amma zafin Kebbi ya hau. A Afrilu waje yakan wuce digiri 40, kifin daskarewa kuma yana son 18 ƙasa da sifili. Tazarar ta kusa digiri 60, duk zafin da ya kutsa ta bango kuma da dizal za ka kore shi.

Don haka kada ka tsaya a fatar baki. Ka ce ya nuna maka takardar kamfanin da ya ƙera allunan bangon, ya kuma yanko maka gutsure ka gani da idonka. Kumfar foliyuretan ake nema, mai ruwan ɗorawa, mai tauri. Farin soson nan mai murmushewa irin na kwalin talabijin sai an ƙara masa kauri sosai kafin ya kamo ta. Ni dai ga ɗakin daskarewa a ƙasarmu bango mai kaurin milimita 150 nake ba da shawara, ko da mai haɗawa ya ce 100 ta isa.

Ƙofa ma ka gwada ta kafin ka cika kuɗi: maƙale takardar naira a bakinta ka rufe, ka ja. In ta zare ba gardama, robar ba ta kama ba. Injin waje kuma a yi masa rumfa mai shan iska, a riƙa wanke ƙurar hunturu daga ragarsa, don in ta toshe kwamfureso, wato na'urar da ke tura iskar gas ta sanyaya, ba ya hutawa.