Kuɗin rubutu suka biya ki, ba su sayi labarin ba

Tambaya: Barista, barka da aiki. Ni ɗaliba ce a Zariya. Bara wasu samari masu ƙaramin kamfanin zane suka ce in rubuta musu labarin da za su mayar littafi mai zane-zane. Na ƙirƙiro wata jaruma, yarinya mafarauciya, na rubuta babi shida, suka turo mini naira dubu 80. Duk a WhatsApp muka yi. Yanzu sun fara tallan gem na waya da jarumar tawa, babu sunana ko'ina. Da na yi magana sai suka aiko takarda wai in sa hannu na bar musu "dukkan haƙƙi", su ƙara mini dubu 50. Ina son sana'ar nan, ba na son mu ɓata. Yaya zan yi?

Amsa: 'Yar'uwa, kada ki sa hannu tukuna. Aiko miki da takardar nan da suka yi ya nuna akwai abin da yake hannunki wanda suke bukata.

Dokar Haƙƙin Mallaka ta 2022, wadda aka sa wa hannu a watan Maris na 2023, ta ce a sashe na 28 haƙƙin aiki yana fara zama ne a hannun wanda ya ƙirƙira shi, sai in an yi yarjejeniya akasin haka. Sashe na 30 kuma ya ce sallama haƙƙi ba ya tabbata sai a rubuce. Izini na gama-gari, wato wanda bai hana mai aikin ba wa wani irinsa ba, shi ne kawai ake iya bayarwa da baki, ko a fahimce shi daga yadda aka yi mu'amala. A bisa abin da kika faɗa, dubu 80 ɗin izinin buga littafin suka saya. Mayar da labarin gem wani haƙƙi ne daban, kuma sai da yardarki.

Amma ki koma cikin hirar taku ki karanta ta tun daga sallama. Saƙon waya ma rubutu ne, kotu tana karɓar sa shaida a ƙarƙashin sashe na 84 na Dokar Shaida ta 2011. In akwai inda suka ce "labarin ya zama namu gaba ɗaya" kika amsa da "to, na yarda", lauyansu zai riƙe wannan layin gam. Ki adana hirar, da shaidar shigowar kuɗin, da rubutunki na farko mai kwanan wata. Ko saƙo ɗaya kada ki goge.

Akwai inda ƙarfinki yake da iyaka, gara in faɗa miki. Doka ba ta kare tunani zalla. Kowa na iya rubuta labarin yarinya mafarauciya. Abin da ta kare shi ne yadda kika zuba shi: zantuka, tsarin babi, abin da ya faru bayan wane. Fuskar jarumar da kayan jikinta kuwa aikin mai zane ne. In gem ɗin zanensu kaɗai ya ɗauka, ƙararki ba ta da ƙarfi sosai. In ya ɗauki labarinki da maganganun da kika sa a bakinta, nan kina da hujja.

Batun suna yana ci mini rai, domin a wannan sana'a sunan da ya fito a aiki shi ne ke kawo aiki na gaba. Sashe na 14 ya ba ki ikon a ambace ki a matsayin marubuciya, kuma wannan ikon ba ya komawa hannun wani muddin kina raye, ko da kin sayar da sauran.

A 1938 Jerry Siegel da Joe Shuster suka sallama haƙƙin Superman, jarumin littafi mai zane-zane da suka ƙirƙira, a kan dala 130 a Amurka. Suka yi shekara da shekaru suna zaryar kotu, sai wajen 1975 aka yarda a mayar da sunayensu, aka yanka musu kuɗin shekara-shekara. Takarda irin wadda ke gabanki ce ta jawo musu.

Shawarata ki nemi zama da su, ki je da naki sharuɗɗan a rubuce. Ki ba su lasisin gem ɗin kaɗai, na wasu shekaru ƙayyadaddu, kamar uku ko biyar. A rubuta kasonki daga abin da ya shigo, ba daga "riba" ba, don riba takan ɓace a lissafin kashe-kashe. A rubuta inda sunanki zai fito, a kuma ce fim, fassara da kayan talla sai an sake zama. In ba su fitar da gem ɗin cikin wa'adi ba, haƙƙin ya dawo miki. Ba dole ba ne yin rajista kafin doka ta kare ki, amma ki kai rubutun Hukumar Haƙƙin Mallaka ta Najeriya ki yi, don takardarta tana taimakawa ranar gardama.

In sun ƙi, lauya ya rubuta musu wasiƙar gargaɗi. Daga nan akwai sulhu, akwai kuma Babbar Kotun Tarayya, wadda ita ke sauraron irin wannan ƙara. Tana iya dakatar da gem ɗin ta kuma sa a biya diyya. Sai dai shari'a tana cin kuɗi da lokaci, ga shi kina son ci gaba da aiki da su. Kafin ki amsa musu, kai takardar da hirar wajen lauya ya karanta su kalma bayan kalma.