Amsa ga 'yar'uwar da ke neman inda za ta kai ƙanenta a Zariya

Wa'alaikumus salam 'yar'uwa, Allah Ya ba shi lafiya. Kin ce ƙanenki ya kusa wata guda ba ya barci, yana surutu shi kaɗai, ya ƙi abincin gida wai ana zuba masa wani abu, an yi ruƙiyya sau uku babu sauyi, kina tambayar ina za ku dosa.

Ku kai shi Shika. Asibitin Koyarwa na ABU yana da sashen likitocin ƙwaƙwalwa. Ku yi sammako ku yanki kati, likitan farko ya gan shi ya tura ku can. In Ƙofar Gayan ta fi muku kusa, ku fara da asibitin Gambo Sawaba ku karɓi takardar turawa. Akwai kuma asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya a Barnawa, Kaduna, wanda aikinsa ke nan kacokan. Amma in ya fara duka, ko yana ambaton mutuwa, ko zazzaɓi da sanƙarewar wuya suka biyo baya, kada a jira ranar asibiti, sashen gaggawa za a nufa ko da tsakar dare. Addu'a kuwa a ci gaba da ita, ba ta hana magani.

Wanda yake kwana gida ɗaya da shi ne ya kamata ya raka shi, don rabin ganewar likita daga bakin ɗan rakiya take fitowa. Ki rubuta a takarda yaushe abin ya fara, awa nawa yake barci, ko ya taɓa buguwa a kai ko farfaɗiya, ko akwai mai irin wannan a dangi. In yana shan wiwi, tiramol ko kodin, a faɗa. Ɓoye wannan don kunya shi ke sa a yi ta magani ana komawa gidan jiya. Jiƙe-jiƙen da aka ba shi ma a ambata.

Inda akasari ake yin ɓari shi ne bayan an karɓo maganin. Barci da natsuwa sukan dawo cikin 'yan kwanaki, amma zargi da jin muryoyi sukan ɗauki mako 2 zuwa 6 kafin su lafa. Sai a mako na biyu wani kawu ya ce ai ba ya aiki, a watsar. Wasu magungunan kuma, irin su haloperidol da chlorpromazine, kan sa wuya ya murɗe, harshe ya yi nauyi, miyau ya riƙa dalala, hannu na rawa. Ganin haka yana tayar da hankali ƙwarai, har a ce asibiti sun ƙara masa ciwo. Illar magani ce da aka sani, kuma tana da gyara: a koma wurin likita a ranar, ya rage adadin ko ya haɗa da benzhexol, wanda aka fi sani da Artane. Kada ku saye shi a kemis da kanku.

Sai babban tarkon: ya warware, ya koma shago, kowa ya ce alhamdulillahi, a daina shan magani. Ciwon yakan dawo bayan 'yan watanni, kuma dawowar ta fi wuyar sha'ani. A karon farko irin wannan akan ci gaba da magani aƙalla shekara guda, likita ne ke janye shi sannu a hankali. Mutum ɗaya a gidan ya riƙe ƙwayoyin, ya miƙa masa da ruwa, ya ga ya haɗiye. In yana tofarwa, ku tambayi allurar da ake yi duk bayan mako 2 zuwa 4. In kuɗi ne matsalar, ku gaya wa likita ƙarara, akwai tsofaffin magunguna masu sauƙin farashi da ke aiki, akwai kuma ofishin jin ƙai na asibitin.

Don Allah duk wanda ya kawo shawarar gidan mari, kada ku saurare shi. Kowa ya ga halin da aka fito da mutane daga wani gidan mari a Rigasa, Kaduna, a 2019, da sarƙa a ƙafa. Dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da Buhari ya sa wa hannu a Janairun 2023, wadda ta maye gurbin ta 1958, ta ba ƙanenki haƙƙin a kula da shi cikin mutunci.

Kafin ku tafi, a kawar da fiya-fiya, wuƙaƙe da igiya daga inda hannunsa zai kai. Kada a yi masa gardama kan zancen guba, gardama ƙara masa zargi take. Ki zuba tuwon a gabansa daga tukunya, ki sa hannu ku ci kwano ɗaya. In ya ƙi tafiya, ki ce masa likitan rashin barci za ku gani, kuma gaskiya kika faɗa.