Na sa ashanar hannu al'adata ta ɗauke, wai jinin taruwa yake yi a mara?

Tambaya: Assalamu alaikum Likita. Dan Allah a taimaka min, hankalina a tashe yake. Wata takwas kenan da aka sa min ashanar tazarar haihuwa a hannu, mai sanda ɗaya, bayan na haifi ɗana na uku. Da farko jini yana ta ɗiɗɗigo min ba tsari, yanzu kuma wata biyar cur ban ga ko ɗigo ba. Ƙawata ta ce jinin taruwa yake yi a mara har ya dunƙule ya zama ƙari, kuma ko na cire ba zan sake haihuwa ba. Ta ce in sha maganin wankin mara, ko ta kai ni wajen wani ya cire min. Wallahi ko barci bana iyawa.

Amsa: Wa alaikumus salam 'yar'uwa. Ki kwantar da hankalinki, babu jinin da ya taru miki a ko'ina. Kar ki sha maganin nan, kar kuma ki miƙa hannunki ga mutumin nan.

Mai sanda ɗaya da kika ce Implanon ce, sinadarin etonogestrel ne a cikinta, milligiram 68, tana sakinsa kaɗan-kaɗan har shekara 3. Jadelle ce mai sanda biyu, ita shekara 5 take yi. Abin da kika gani, ɗiɗɗigo da farko sannan ɗaukewa, shi ne dai abin da ya kamata a faɗa miki tun ranar da aka sa, kusan mace ɗaya cikin biyar masu Implanon haka suke, al'ada ta ɗauke musu gaba ɗaya. In ma kina shayarwa toh abu biyu ne suka haɗu. Ki yi gwajin fitsari sau ɗaya don zuciyarki ta natsu, amma samun ciki da ashana a hannu abu ne mai wuya sosai, bai kai mace ɗaya cikin ɗari a shekara ba.

Yanzu zancen taruwar jini, wanda wallahi na gaji da jinsa, babu ranar da zan zauna aiki ban ji shi ba. Mutane sun ɗauka jinin al'ada wani datti ne da jiki yake tarawa a wata jaka, in wata ya cika a buɗe a zubar, in ba a buɗe ba ya ruɓe a ciki. Ba haka yake ba. Kowane wata mahaifa shimfiɗa take yi don tarbar ciki, in cikin bai zo ba sai ta naɗe shimfiɗar ta yar, wannan shi ne jinin da kike gani. Ita kuma ashana tana hana ƙwai fita, tana sa ruwan bakin mahaifa ya yi kauri maniyyi ya kasa wucewa, sannan tana hana shimfiɗar nan yin kauri tun farko. Toh abin da ba a shimfiɗa ba me za a naɗe? In na ɗora miki na'urar sikanin a mara yanzu, wani siririn layi za ki gani a tsakiyar mahaifar kamar an ja da biro, babu gudaji babu komai. Na sha juyo wa mata fuskar na'urar su gani da idonsu, wata har sai ta yi dariya. Kuma ki tambayi ƙawar taki, mai ciki da take wata tara ba al'ada, da mai shayarwa da take shekara ba ta gani ba, ina nasu jinin yake taruwa? Ƙarin mahaifa kuwa tsokar mahaifa ce take tsirowa, babu ruwansa da jinin al'ada, mata da yawa suna da shi ba su taɓa yin tsarin iyali ba.

Abin da yake ba ni haushi shi ne wannan ƙaryar ita ce jarin masu wankin mara. A tsorata mace, a sayar mata da abin da zai sa ta gudawa da murɗar ciki kwana biyu, ko ya ɓalle mata da zubar jini, sai a ce kin gani ko, dattin ne yake fita. Wane datti? Jininki ne mai kyau kike asara, ga ƙoda da hanta suna shan wahalar abin da ba wanda ya san me aka haɗa a ciki. Masu cirewa a ɗaki kuwa sun fi muni. An taɓa kawo min wata da aka tsaga mata damtse wuri uku da reza ana laluben sandar, hannun ya kumbura yana ruwa, yatsu biyu sun mutu mata na ɗan lokaci, sandar kuma tana nan inda take ba a ma taɓa ta ba. Wurin nan akwai jijiyoyi da hanyoyin jini a ƙasansa. A hannun wanda ya koya, allurar kashe zafi ce da ɗan yanka ƙarami, 'yan mintuna an gama.

Zancen haihuwa kuma, ana cirewa cikin kamar sati guda sinadarin ya bar jini, yawancin mata ƙwai yana dawo musu cikin 'yan makonni. Wasu ko al'adar farko ba sa gani sai ciki. Ni matsalar da na fi gani ma ita ce wadda ta cire tana cewa sai jiki ya huta tukun, wata biyu ta dawo da laulayi ga jariri a baya.

Abubuwan da nake so ki ji tsoro na gaskiya daban ne. In aka ɗora ki a kan maganin tarin fuka mai rifampicin, ko na farfaɗiya irin carbamazepine da phenytoin, ko efavirenz na masu ƙanjamau, ki faɗa wa likita kina da ashana, domin suna rage mata ƙarfi. In jini ya zo da yawa ya ƙi tsayawa, ko ciwon mara mai tsanani gefe ɗaya, ko idonki ya yi ɗorawa, ko kin ji kulli a nono, ki zo asibiti. Ashanar kuma ba ta kare mutum daga ciwon sanyi ko wata cutar saduwa.

Ki ɗan shafa cikin damtsenki da yatsa, ya kamata ki ji ta a ƙarƙashin fata, tsawonta santimita 4. In ba ki ji ta ba kar ki yi ta matsawa, ki zo a duba, irin ta yanzu tana fitowa a hoton ƙashi. In kuma bayan duk wannan kin ji ke dai ba kya sonta, haƙƙinki ne a cire miki ranar da kika ga dama, ba sai ta cika shekara ukun ba, kar wata ma'aikaciya ta kore ki da ki je ki dawo. Ki tafi da katin da aka ba ki ranar sawa, ki tafi da ƙawar taki ma in za ta yarda.